Amsa: Kwana nawa zan yi a Sin in na je saro kaya?

Ɗan'uwa, ka ce mako guda kake so ka yi a Guangzhou don kada shago ya daɗe ba ka nan. Gaskiya ya yi kaɗan, ballantana zuwan farko.

Cire kwana biyu na hanya, in ta Adis Ababa za ka bi. Ga shi agogonsu yana gaban namu da awa 7, kwanakin farko da rana barci na fizgarka, da dare ido biyu. To me ya rage?

Ni zuwana na farko kwana 6 na yi. Na biya kuɗin takalma na kamo hanya, ban tsaya an zuba su a kwali a gabana ba. Da kaya suka iso Kano na yanke igiya, sai ga lambobin da ban zaɓa ba, fatar ma ba irin wadda na taɓa da hannuna ba ce. Har yau abin yana yi min ciwo.

Ka ware kwana 14. Ukun farko yawo kawai da taya farashi, kada ka fitar da ko sisi. Sannan ka ba da oda, ka jira, ka duba kayanka da idonka kafin a rufe kwali. In za ka leƙa kasuwar Yiwu, wani birnin sari a Sin, ƙara kwana 3, don da nisa ko a jirgin ƙasa mai gudu.

Kada ka je lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu a rufe suke. A Afrilu da Oktoba kuma babban baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou yana sa ɗakin otal tsada. Ka duba kwanakin da aka ba ka a biza kafin ka yanki tikitin dawowa.