Takin ƙwayoyin halitta: amsoshin wasiƙunku

Wani manomin waken soya ya ce an tallata masa baƙin gari a leda, wai a cuɗanya da iri kafin shuka. Ya saya, ko damfara ce?

Malam, abin gaskiya ne. Garin na ɗauke da rizobiya, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai da ido ba ya gani. Suna shiga saiwar waken su yi ƙulli-ƙulli, su riƙa zuƙo naitirojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne, suna ciyar da shukar. Da su manoman Brazil ke noman waken soya kusan ba yuriya, kuma aiki a kansu ne ya sa aka ba masaniyar kimiyya 'yar Brazil, Mariangela Hungria, kyautar abinci ta duniya a 2025.

Sai dai ka buɗe ido, domin abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Ledar da ta yi makonni a kan tebur rana na dukanta ta zama ƙura, kuma mataccen gari da mai rai kamarsu ɗaya. Nan 'yan algus suka samu ƙofa. Abin da ke ƙona min rai shi ne mutum ya yi ta ciniki a kan farashi, amma bai juya ledar ya duba ranar lalacewarta ba! Duba ranar. Duba sunan kamfani, da lambar rajista, da amfanin gonar da aka yi shi dominsa, don na waken soya ba lallai ya yi wa gyaɗa ba. In an farke ledar ana aunawa da cokali, kama gabanka. In ka samu mai kyau, jiƙa irin da ɗan ruwan sukari ko ƙaro, ka cuɗa a inuwa, ka shuka a ranar. Kada ka gauraya da takin zamani. Da waken ya fara fure, tono gindi ɗaya a hankali, ka tsaga ƙullin da farce. Cikinsa ja-ja, suna aiki. Fari ko kore, ba sa yi.

Wani kuma ya ce zai shafa wa masara ragowar. Kada ka ɓata kayanka. Masara ba ta yin ƙullin. Shuka ta baɗi a inda waken ya tashi.

Wani matashi ya ce an nuna masa kwalba a Facebook, wai tana maye gurbin kowane taki, har da hana fari. Haba ɗana! Ko rizobiyar gaske sai da fosfaros, wani sinadarin taki, a ƙasa take aiki sosai, kuma babu kwalbar da ke saukar da ruwa.

Wata baiwar Allah ta ce gonarta ta gaji, ruwan sama ya zama ba tabbas, ba ta da kuɗin waɗannan kayan, tana tsoron an bar ta a baya. Hajiya, kwantar da hankalinki, ƙwayoyin na cikin gonarki, abinci suke nema. Akwai masu kama da zare da ke manne wa saiwa, su miƙa can nesa su jawo mata ruwa da fosfaros. Ƙona kara na hana su abinci, yawan kaftu na tsinka su. Bar karan ya rufe ƙasa, ki zuba takin dabbobi da ya ruɓe, ki riƙa juya hatsi da wake. Ba a damina ɗaya za ki ga canji ba, don haka fara da ɓangare guda, ki kwatanta da sauran.