Albashin farko, a kai gida ko a riƙe?

Wa'alaikumussalam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Wai yanzu da kamfanin jirgin nan ya ɗauke ka, dole ne ka kai wa Baba da Inna albashinka na farko gaba ɗaya kamar yadda aka saba a gidanmu, alhali ga bashin karatu a wuyanka?

To ka kai. Albarka ake nema ai, ba kuɗin ba. Ni a ambulan aka ba ni nawa, na sami kakanka kan buzu bayan magariba na ajiye masa, wallahi ko ƙirgawa bai yi ba, ya zari takarda biyu ya ce a sayo goro a raba wa maƙwabta, ya yi addu'a ya tofa ya turo min sauran. Kakarka kuwa turmin atamfa da sabulu, shi kenan. Babanka ma haka zai yi, na san halin yayana. Kai dai kar ka tura ta waya ka ce ka gama, ka je da ƙafarka ka durƙusa, goggonninka kuma kowa ɗan abin goro.

Wata na biyu ne nake jiye maka. Dangi sun ji an ce matuƙin jirgi, a ganinsu da shebur kake kwasar kuɗi, ba su san har yanzu kujerar dama kake zama ba, mataimaki, kafin ka koma ta hagu ka ɗaura igiya huɗu a kafaɗa a ce maka kyaftin akwai jan aiki, ko babban lasisin ma sai ka tara awa 1,500 a sama. In kuma kamfanin ne ya biya maka kuɗin koyon tuƙa irin jirginsu, ka karanta takardar da ka sa wa hannu da kyau, don in ka fita kafin wa'adi kai za ka biya. Saboda haka tun yanzu ka yanke abin da za ka riƙa kai wa gida duk wata, wanda ka san ba zai gagare ka ba, ka tsaya a kansa.

Kuma aikin naku a hannun likita yake, duk shekara sai an duba ka, ranar da ido ko zuciya suka ƙi, an sauke ka kenan. Ko lafiya lau kake, shekara 65 ka gama tuƙa fasinja zuwa ƙasashen waje.

Fansho kuwa kar ka yi wasa da shi don kana yaro. Dokar 2014 ta ce a cire maka kashi 8, kamfani ya ƙara kashi 10, ka riƙa duba asusunka ka tabbatar suna zubawa, ba a takardar albashi kawai ba. Nigeria Airways da girmansa ya tsaya a 2003, sai 2018 aka sake fitar wa tsoffin ma'aikatansa da kuɗi, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. In wata rana Dubai ko Doha suka kira ka, albashi ba haraji gaskiya ne, amma baƙo kuɗin sallama yake tashi da shi, don haka ka tanadi fili a gida.

Ka gaya min ranar da za ka shigo, ni zan raka ka wajen Baban naka.