Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Barcin Tsuntsaye Masu Ƙaura da Namu

Tambaya: Likita, ni manomin rani ne a yankin Kirikasamma. Duk hunturu baƙin agwagin ruwa sukan cika dausayin Baturiya, an ce daga Turai suke tasowa har su ƙetare Sahara. Yaya suke yi da barci a hanya, alhali ni dare biyu na yi ina ban ruwa jikina ya ƙi?

Amsa: Malam, ƙwaƙwalwar tsuntsu ɓari biyu ce kamar tamu, sai dai shi yana iya kwantar da ɓari ɗaya ya bar ɗayan a farke, ido ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. An nuna haka a 1999 a jikin agwagi, domin idan suka jeru suna barci, wadda take bakin layi takan bar idonta na waje a buɗe tana gadi. A 2016 kuma Niels Rattenborg na cibiyar Max Planck ta Jamus da abokan aikinsa suka ɗaura 'yar na'ura a kan wani babban tsuntsun teku na tsibiran Galapagos, wanda yakan yi har kwana 10 a sama bai sauka ba. Sun tarar yana barci yana tashi, amma duka barcin bai wuce kimanin minti 42 a yini ba, a gutsuttsure, 'yan daƙiƙoƙi kowane karo, galibi lokacin da iska mai hawa ta ɗauke shi yana kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba. Da ya sauka ƙasa kuwa, yakan yi fiye da awa 12 yana barci.

Binciken da ya fi amsa tambayarka, a ganina, shi ne na jami'ar Wiskonsin ta Amurka a 2004. Wani ƙaramin tsuntsu mai ƙaura, ko a keji yake, da lokacin tafiya ya zo yakan rage wajen kashi biyu bisa uku na barcinsa, kuma basirarsa ta neman abinci ba ta raguwa. Amma da aka tauye masa barci a wani lokacin na shekara, sai ya fara kuskure. Ke nan jikinsa ne yake sauyawa da zuwan lokacin, kuma jikin ɗan Adam ba ya irin wannan sauyi. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7. Ka nemi wanda za ku raba daren ban ruwa da shi, kada kuma ka taɓa injin ko bel ɗinsa kana gyangyaɗi.

Tambaya: Ni direba ne daga Ɗambatta, ina kai tumatir Kudu cikin dare. Da goro da shayi mai kauri nake riƙe ido. Shin jiki ba ya sabawa?

Amsa: Direba, abin da yake sabawa shi ne jin gajiyar, ba ƙwaƙwalwar ba. Mutum yakan daina lura da cewa ya gaji, alhali hankalinsa yana ci gaba da dusashewa. Idan bashin barci ya taru, ƙwaƙwalwa takan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ko da ido a buɗe yake, kuma mu ba mu da ɓarin da zai tsaya gadi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa takan ci fiye da mita 100 a daƙiƙa huɗu, ka ga kuwa hakan ya isa ta bar hannunta. Goro da shayi suna danne jin barci ne kawai na 'yan awoyi. Taramol kuwa, wanda wasu ke ba wa abokan sana'arka shawarar sha, yana iya jawo farfaɗiya, ya kuma kama mutum har ya kasa daina shan sa. Idan ka fara hamma a kai a kai, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka faka a wuri mai tsaro ka runtsa minti 20, sannan ka yi cikakken barci da rana kafin ka sake ɗaukar kaya.

Tambaya: Ni mai jego ce daga Ringim. Barcina duk a yanke yake saboda shayarwa. Yana da amfani kuwa?

Amsa: Yana da amfani, 'yar'uwa, ko da yake bai kai wanda aka yi a jere ba. Wasu ƙananan tsuntsaye masu tafiyar dare da irin wannan gajeren barcin rana suke rage bashinsu, kuma wannan ce dabararsu da mu ma za mu iya ara. Ki kwanta duk lokacin da jariri ya yi barci, ki bar wanke-wanke ga wadda ta zo taya ki zaman jego. Idan kuma kin sami sarari amma barcin ya ƙi zuwa, ga baƙin ciki ko yawan kuka har fiye da mako biyu, ki je asibiti mafi kusa ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya yadda kike ji.