Ina Zan Kai Yara A Argungu?

Tambaya: Anti, an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Argungu. Yarana uku sun saba da gidan zu na Kano, ga hutu ya zo. Ina zan kai su?
Wata uwa

Amsa: Ƙanwata, cire rai da ganin zaki. Fara da Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarki ce da aka mayar gidan tarihi a 1958. Ranar da muka je, ɗana kafewa ya yi gaban takubba da masu, sai da na janye shi. Da la'asar sakaliya ku gangara kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ko su dace da masunta da homa da gora. Ki dai riƙe hannun auta gam a bakin ruwan.