Tambaya da Amsa: Fitilar kwalekwalena ta dusashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kamun kifi da dare a kogin Galma, na saka wa kwalekwalena batir mai bolt 12 da fitilu biyu. Tun faɗuwar damina hasken ya dusashe, wani lokaci sai na girgiza waya yake kamawa, alhali batir a cike yake. Me ke jawo haka?
Daga wani masunci, Dakace, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ga laifin batir tukuna. Kunna fitilun, a gwada da mitar auna bolt a kan batir, sannan a gindin fitila. Idan bambancin ya haura bolt 1.2, waya ce ke cinye wutar.

Feɗe robar kusa da mahaɗa. In jan ƙarfen ya yi kore ko baƙi, ruwa ya shiga. Danshi yana bin tsakanin silin waya kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, don haka ɓarnar kan yi nisa a cikin roba, waje kuwa lafiya lau. Yi ta yankewa har ka iske jan ƙarfe mai sheƙi. In babu, sauya ta gaba ɗaya.

Wurin saye a yi hattara sosai. Akwai waya mai araha da alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da wuƙa. In cikinsa fari ne, ajiye ta, danshi zai mayar da ita gari. Wadda ta fi dacewa da jirgi ita ce jan ƙarfe mai sili da yawa da aka shafe da kuza. Wayar gida mai sili ɗaya karyewa take yi da jijjiga.

Murɗa waya biyu a naɗe da salatef, wannan yakan kashe fitilu. A matse da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa in ta ji zafi. A ɗaga kowace mahaɗa sama da inda ruwa ke kwanciya.

Kan batir kuma, cire baƙar waya da farko, goge farin garin da ya taru a kan batir da ruwan kanwa ba tare da ya shiga cikin batir ba, ka busar, ka ɗaure tam, ka shafa basilin. Saka fiyus a jar waya, kada ya wuce santimita 18 daga batir, domin waya da ta goge ta haɗu tana iya tayar da gobara kana tsakiyar ruwa.