In raba wa kowace na'urar mesh tasharta daban?

Tambaya: Malam, ina da na'urorin Wi-Fi uku na tsarin mesh, wato masu haɗa kai su watsa Wi-Fi ɗaya a duk gidan, uwar tana falo, 'ya'yan biyu suna ɗakuna, babu kebul a tsakaninsu. Maƙwabta sun kewaye ni, in na duba waya sai in ga sunayen Wi-Fi sun fi goma sha biyar. Da yamma intanet kan yi nauyi, kiran bidiyo ya riƙa tsinkewa. Na mayar da zangon 2.4 GHz kan tasha ta 3 don na ga babu kowa a kai, zangon 5 GHz kuma kan ta 100. Yanzu kuma sai ya ɗauke gaba ɗaya kamar na minti guda, sannan ya dawo. Ko in bai wa kowace na'ura tasharta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kar ka raba musu. Tunda babu kebul, ta iska 'ya'yan ke magana da uwar, galibi a zangon 5 GHz, kuma na'urori biyu ba sa jin juna sai suna kan tasha ɗaya. Shi ya sa yawancin tsarin mesh ke ɗaure duk na'urorin a tashar da uwar ta zaɓa, wasu ma, irin su Eero da Google Nest Wifi, ba sa ba ka damar zaɓa da hannunka. Shawarar raba tasha ta gidan da aka ja wa kowace na'ura kebul ce.

Tasha ta 3 kuwa kuskure ne da mutane da yawa ke yi, kuma na fahimci dalili, ido ya ga fili. To amma a zangon 2.4 tazarar da ke tsakanin tasha da mai bi mata 5 MHz ce kacal, alhali siginar kanta tana cin faɗin kusan 20 MHz. Kenan wanda ya zauna a ta 3, ƙafarsa ɗaya na cikin gonar masu ta 1, ɗayar na cikin ta masu ta 6. Abin da ya ƙara dagula shi, na'urorin da ke tasha ɗaya suna sauraron juna, kowa ya jira ɗan'uwansa ya gama kafin ya yi magana. Wanda ya raɓe a gefe kuwa hayaniya kawai yake ji, ya aika saƙo ya lalace, ya sake aikawa. Gara cunkoso mai layi da wannan. Tashoshi uku ne ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Ka sauke manhajar duba Wi-Fi a wayar Android, ka buɗe ta da yamma lokacin da matsalar ke tasowa, ka ga wacce cikin ukun nan ce maƙwabta masu ƙarfin sigina suka fi ƙaranci a kai. Yawan sunaye ba shi ne abin dubawa ba, maƙwabci ɗaya da ke bayan bangonka ya fi biyar na nesa cutarwa. Faɗin kuma ka bar shi a 20 MHz, kar ka kai shi 40.

Ɗaukewar minti gudan nan, ina kyautata zaton tasha ta 100 ce ta jawo. Tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 144 ana raba su ne da na'urorin rada (radar, masu hango jirage daga nesa), har da na hasashen yanayi, kuma doka ta tilasta wa Wi-Fi ya tashi da zarar ya ji motsin rada, tsarin da ake kira DFS. In ya koma wata tashar irinta, sai ya yi shiru yana sauraro na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ya fara aiki. A mesh abin ya fi ciwo, domin igiyar da ta haɗa uwa da 'ya'ya ce ke tsinkewa. Ka koma ta 36 ko ta 44, babu ruwansu da rada. In can ma ya cika, rage faɗi daga 80 zuwa 40 MHz. Gudun zai ɗan ragu a gwaji, amma kiran bidiyo ya fi buƙatar tsayayyen layi.

Bayan ka gyara, ka bari ya kwana biyu ko uku kafin ka sake taɓa wani abu, in ba haka ba ba za ka gane wane gyara ne ya yi aiki ba.

Akwai abin da nake so ka duba ma kafin duk wannan: inda ka ajiye 'ya'yan. Sau da yawa akan kai na'ura can ƙuryar ɗakin da sigina ba ya kaiwa, a jingine ta bayan talabijin, wayarka ta nuna sanduna cike, amma ita na'urar da kyar take jin uwarta. Ka tsaya daidai inda take, ka auna siginar uwar da manhajar duba Wi-Fi ɗin nan. In ya kai -65 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, kuma -60 ya fi -65 kyau) ko ya fi haka kyau, madalla. In ya gangara ƙasa da -70, matso da ita tsakiyar hanya, a kan tebur ko kanta, nesa da na'urar ɗumama abinci, wadda ita ma a 2.4 take aiki. In kuma za ka iya ja wa ko da ɗaya kebul daga uwar, ka fara da wadda ke ɗakin da kake kiran bidiyo.