Ba butulci ba ne, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa marubuta baƙar fata na Amurka suke caccakar Turawa masu sassaucin ra'ayi, alhali su ne ke tsaya musu. Ni ma da butulci na ɗauke shi, sai da karatu ya zaunar da ni Chicago shekara huɗu.

Kukan ya daɗe. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta a 1838, ya rubuta a 1855 cewa abokansa Turawa masu yaƙi da bauta sun ce masa ya riƙa faɗin abin da ya same shi kawai, su za su yi fashin baƙin. Wato shi ya nuna tabon bulala, tunani kuwa nasu. Wallahi an yi mini irin wannan a wani taro: da na ba da labarin gida aka yi ta tafi, da na kawo shawara kan yadda za a kashe kuɗin tallafi sai aka yi mini godiya aka wuce.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne littafin ƙagaggen labari Native Son na Richard Wright, 1940. Attajiri Dalton yana ba yaran baƙaƙe kyautar teburan ƙwallon tebur, amma kamfaninsa ne ke karɓar hayar ɗaki ɗaya mai ɓeraye inda Bigger, baƙin saurayin da labarin ke kansa, yake kwana da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu. Duk sanda jirgin ƙasa ya nausa da ni kudancin Chicago, Turawa suna sauka tasha bayan tasha har a bar mu baƙaƙe zalla, ɗakin nan nake tunawa.

A 1963, daga kurkukun Birmingham, Martin Luther King ya rubuta wasiƙa, inda ya ce ya kusa yarda cewa Bature mai matsakaicin ra'ayi, mai cewa a dakata tukuna, ya fi 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa maƙiya baƙar fata, kawo musu cikas. A 2014 Ta-Nehisi Coates ya tono yadda hukumar gidaje da gwamnatin Shugaba Roosevelt, mai sassaucin ra'ayi, ta kafa a 1934 ta hana unguwannin baƙaƙe lamunin sayen gida. Michelle Alexander kuma, a 2010, ba ta raga wa tsohon Shugaba Bill Clinton, shi ma mai sassaucin ra'ayi, ba kan cika gidajen yari.

Ka lura, babu ɗayansu da ya ce gara maƙiyi. Ƙorafinsu a kan abokin da ke taimako amma ya ƙi sakin linzami ne. Ka fara da wasiƙar King, tana intanet, a zama ɗaya za ka gama ta.